Jirgin Tayleur: Ƙirarsa da Halakarsa a Shekarar 1854

Ran Alhamis, 19 ga watan Janairu na shekarar 1854, wani sabon jirgin ruwa na fatauci mai suna Tayleur ya tashi daga Libaful ta ƙasar Ingila, ya nufi Melbourne ta ƙasar Ostareliya, da mutum wajen 650 a cikinsa. An yi guzurin tafiyar watanni, amma kwana biyu kaɗai ya yi bisa ruwa. Ran Asabar wajen tsakar rana ya yi karo da duwatsun wani tsibiri a gefen ƙasar Ailan, ya nutse, fiye da mutum 300 suka halaka.

Haɗarin jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Abin da ya sa labarin wannan ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, ba tsufa ko ruɓewar katako ta kashe shi ba. Jirgin ƙarfe ne, sabo ful, kuma wannan ita ce tafiyarsa ta fari. An ƙera shi da sabon abu wanda ba a gama sanin halinsa ba, aka fita da shi teku bisa al'adar jiragen katako, gaggawar neman riba kuwa ta hana a tsaya a gwada shi.

1. Zinariyar Ostareliya

A cikin shekarar 1851 aka gano zinariya a Ostareliya, da fari a New South Wales, sa'an nan a Victoria, wajajen Ballarat da Bendigo. Da labari ya iso Turai sai mutane suka yi ca, manoma da maƙera da masaƙa da 'yan ƙodago, kowa yana neman hanyar zuwa. Mutanen Victoria wajen 77,000 ne a 1851, amma a 1861 sun haura rabin miliyan. Galibin waɗanda suka ƙaru baƙi ne, ta ruwa suka je, cikin jiragen da iska ke korawa.

Akwai jiragen tururi a lokacin, amma tafiyar ta fi mil 12,000, ba a kuwa buɗe mashigin Suwes ba sai a 1869. Jirgin tururi in ya ɗauki kwal ɗin da zai ishe shi wannan nisa, wurin kaya kaɗan zai rage masa. Saboda haka cinikin ya zauna a hannun jirage masu filafilai, watau manyan zannuwan nan masu kauri da a ke ɗaurawa bisa dogayen jiguna don su tare iska. Su kan gangara kudu su zaga ƙarshen Afirka, su hau iskar yamma mai ƙarfi ta tekun kudu har su isa.

Libaful ita ce babbar tashar masu ƙaura, a can kuwa kamfanoni biyu suka fi gasa da juna: Black Ball na James Baines, da White Star na John Pilkington da Henry Wilson. A 1852 wani jirgin Black Ball mai suna Marco Polo, na katako, ƙirar Kanada, ya je Melbourne ya komo cikin ƙasa da wata shida. Daga nan sauri ya zama abin talla, kowane matafiyi yana tambayar jirgin da zai riga kai shi wurin zinariya. Mutanen White Star suka shiga neman jirgin da za su rama da shi, suka yi hayar Tayleur tun bai taɓa fita teku ba.

2. Ƙirar jirgin

An ƙera Tayleur a maƙerar Bank Quay ta garin Warrington, a bakin kogin Mersey, sama da Libaful. William Rennie ne ya zana fasalinsa, masu shi kuwa su ne Charles Moore da abokan cinikinsa na Libaful. An sa masa sunan Charles Tayleur, mai maƙerar. Aka tura shi ruwa ran 4 ga Oktoba, 1853. Tsawonsa ƙafa 230, faɗinsa ƙafa 40, zurfin cikinsa ƙafa 28, girmansa a rajista ton 1,750, yana da jigo uku. A lokacin ana lissafa shi cikin jiragen fatauci mafiya girma da aka taɓa ƙerawa a Ingila.

Dalilin komawa ga ƙarfe a fili ya ke. Itacen ƙira ya yi tsada a Ingila, ƙarfe da kwal kuwa suna nan da yawa. Bangon jirgin ƙarfe bai kai na katako kauri ba, don haka cikinsa ya fi ɗaukar kaya, kuma ana iya tsawaita shi fiye da yadda katako zai jure. Kayan da aka loda wa Tayleur na mutanen da za su kafa sabon zama ne: garemani, da tangaram, da faifan dutse na rufin ɗaki, da kayan ƙarfe iri iri, har da duwatsun kabari waɗanda ba a rubuta sunan kowa a kansu ba tukuna.

Amma akwai aibobi a ɓoye. Allon da ke bayan jirgi, wanda a ke juya shi da shi, watau linzaminsa, ya yi wa wannan ƙaton jirgi kaɗan. Igiyoyin filafilai sababbi ne, ba a ja su sun saki tun a tudu ba, sabuwar igiya kuwa ta kan miƙe ta yi sako-sako in ta sha nauyi, ta kan kuma ƙi gudu cikin ƙoshiyarta. Ma'aikatan jirgin 71 ne, amma 37 kaɗai ne ƙwararrun matuƙa, waɗansunsu ma ba su jin Ingilishi. Da an fita da jirgin gwaji ko da na yini ɗaya ne, da yawancin wannan ya bayyana. Ba a yi ba. Shugabansa Kyaftin John Noble, ɗan shekara 29, wanda ya riga ya yi suna a tuƙi, bai san yadda jirginsa ke amsa linzami cikin babbar iska ba sai bayan da ya fita da ɗaruruwan rayuka.

3. Ƙarfe da kamfas

Aibin da ya fi duka shi ne na kamfas, ba kuwa za a gane labarin ba sai an bayyana shi. Kamfas wata allura ce mai maganaɗisu, an ɗora ta bisa tsini don ta juya yadda ta so. Ita duniya kanta babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kullum ta kan komo ta fuskanci arewa. A tsakiyar teku, in gizagizai sun rufe rana da taurari, matuƙin wancan zamani ba shi da abin dogara sai uku: wannan allura, da lissafin gudun jirgi, da igiya mai dalma a baki wadda a ke jefawa a auna zurfin ruwa.

To, allurar ba ta bambanta jan duniya da jan wani ƙarfe da ke kusa da ita. Jirgin ƙarfe ya kan yi watanni a maƙera yana fuskantar waje guda, ana ta dukan ƙusoshinsa da guduma. Ƙarfe kuwa in ana dukansa yana kwance cikin jan duniya, shi ma ya kan zama maganaɗisu. Ashe ran da aka tura jirgin ruwa, shi kansa ya riga ya zama ƙaton maganaɗisu mai karkatar da allurarsa. Ban da wannan, akwai ƙarfe mai taushi wanda ba ya riƙe maganaɗisu, sai dai ya ara daga duniya, jansa yana sākewa duk sa'ad da jirgi ya sāke fuska. Har wa yau, in iska ta kwantar da jirgi gefe ɗaya, kamar yadda ta saba yi wa mai filafilai, ƙarfen da ke ƙarƙashin kamfas ya kan koma gefensa, kuskuren ya sāke kama. Saboda haka kuskuren ba guda ba ne da za a haddace a riƙa cirewa.

Maganin da aka sani shi ne a kai jirgi wuri mai kwanciyar ruwa, a juya shi sannu a hankali ya fuskanci kowace nahiya, ana gwada abin da allura ta nuna da wata alama ta tudu wadda aka tabbatar da inda ta ke. Sai a kafa gutattakin maganaɗisu kusa da kamfas don su kashe jan jirgin, kuskuren da ya saura kuma a rubuta shi a takarda. An yi wa Tayleur wannan aiki, amma tun kafin a loda masa kaya, ba a kuwa maimaita ba bayan da cikinsa ya cika da ƙarfe.

Kada a raina irin wannan kuskure. An raba da'irar kamfas kashi 32. Kuskuren kashi ɗaya tak, watau digiri 11 da kwata, ya kan kautar da jirgi wajen mil ɗaya cikin kowane mil biyar da ya yi. Tekun da ke tsakanin Wales da Ailan kuwa ƙunci gare shi, daga Holyhead zuwa Dablin wajen mil 60 ne.

Masana sun daɗe da sanin matsalar. Kyaftin Matthew Flinders ya lura da ita sa'ad da ya ke zaga Ostareliya tsakanin 1801 da 1803, a jirgin katako ma, saboda ɗan ƙarfen da ke cikinsa. A 1838 George Airy, babban masanin taurari na Sarautar Ingila, ya yi gwaje-gwaje a jiragen ƙarfe biyu, Rainbow da Ironsides, ya fitar da dabarar gyara da gutattakin maganaɗisu. A 1846 kuma babban jirgin ƙarfe mai tururi, Great Britain, ya kafe a gaɓar Dundrum ta Ailan, waɗansu suka zargi kamfas. Gargaɗi dai ya riga ya zo, sai dai ilmin bai kammala ba, kuma abin da aka sani bai zama dole a kan masu jirage ba.

4. Tafiyar kwana biyu

Wani ƙaramin jirgin tururi mai suna Victory shi ya jawo Tayleur daga kogin Mersey zuwa teku. A ciki akwai jagoran mashiga, watau gwanin da ya san hanyar kogin, wanda ke raka jirage har su fita. Tun kafin ya sauka ya lura kamfas ɗin jirgin sun saɓa wa juna. Da maraice Victory ya saki igiya ya koma da shi, Tayleur ya buɗe filafilai.

Hanyar ita ce a wuce tsibirin Anglesey, a juya kudu, a bi ta tsakanin Wales da Ailan har a fita babban tekun Atalantika. Da daren nan sai iska ta tashi, tana busowa daga wajen da a ke so a nufa. Jirgi mai filafilai ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta gicciye, ya karkata dama ya karkata hagu, yana cin gaba kaɗan kaɗan. Wannan tuƙi yana bukatar jirgi mai saurin juyawa da ma'aikata masu saurin hannu, Tayleur kuwa ba shi da ko ɗaya. Rage filafilai, aikin da gwanaye ke gamawa nan da nan, sai da ya ci sa'o'i, igiyoyi suna sarƙewa, zannuwa suna yagewa. In an so a juya jirgin, sai ya yi wani dogon zagaye kafin ya amsa.

Ran Jumma'a iska ba ta sassauta ba, sama a rufe, ba halin auna rana a san inda a ke. Kyaftin Noble yana lissafi bisa kamfas, yana zaton jirgin na tsakiyar ruwa yana gangarawa kudu, alhali yamma ya ke ta kusanta. Abu ɗaya ya rage wanda ƙarfen jirgi ba ya iya ruɗarwa, shi ne igiya mai dalma, domin ruwa ya kan rage zurfi in an kusanci gaɓa. Ba a jefa ta ba.

5. Tsibirin Lambay

Ran Asabar, 21 ga wata, gari ya waye da hazo da ruwan sama. Gab da tsakar rana aka hango tudu a gaba, kusa ƙwarai. Tsibirin Lambay ne, wanda ke arewa da Dablin, 'yan mil kaɗan daga gaɓar Ailan. Aka yi ƙoƙarin juya jirgin, ya ƙi juyawa cikin ɗan filin da ya saura. Aka saki anka biyu, watau manyan ƙugiyoyin ƙarfe masu riƙe jirgi, sarƙoƙinsu duka suka tsinke. Iska da raƙuman ruwa suka kwashi jirgin suka maka shi da duwatsu a gabashin tsibirin.

An sauke kwalekwalen ceto guda, duwatsu suka farfasa shi, aka ga ba amfani a sauke sauran. Jirgin ya matso gaɓa ƙwarai, har waɗansu suka yi tsalle suka dira bisa dutse. Aka miƙa igiya, aka gitta wani dogon itace na filafilai, mutane suka yi ta rarrafawa a kai. Amma raƙuman ruwa suna ɗaga jirgin suna sauke shi, igiya ta yi sako-sako ta sāke ɗamewa, tana watsar da waɗanda ke riƙe da ita. Cikin wajen rabin sa'a jirgin ya zame baya ya nutse, ba abin da a ke gani sai kawunan jigunansa.

Mata da yara su suka fi shan wuya. Cikin mata fiye da 100, uku kaɗai suka tsira, yara ma ƙalilan ne suka fita. Tufafin matan Turai na wancan zamani dogaye ne masu nauyi, riga bisa riga, in sun jiƙe ba mai iya hawa igiya ko iyo da su. An kuma ruwaito waɗansu sun ɗinke kuɗinsu cikin tufafi don tsoron ɓarayi, nauyin ya ƙara jan su ƙasa. Likitan jirgin, Robert Hannay Cunningham, ya yi ta ƙoƙarin ceton iyalinsa da waɗansu mutane har shi ma ruwa ya ci shi, da matarsa da ɗansa. Kyaftin Noble bai bar jirgin ba sai da ya ke nutsewa, ya faɗa ruwa, aka jawo shi tudu.

Waɗanda suka kai ga duwatsu, ba su cika 300 ba, sai da suka hau wani tsauni mai tsayi a miƙe, cikin sanyin Janairu, da jiƙaƙƙun tufafi. Mutanen tsibirin kaɗan ne: masu tsaron gaɓa, da 'yan manoma, da wakilin mai tsibirin, Lord Talbot na Malahide. Suka ba su masauki da ɗan abincin da ke akwai, har jirgin tururi mai suna Prince ya zo ya kwashe su zuwa Dablin. Gawa wajen 100 aka binne a tsibirin. Lissafin waɗanda suka mutu ya saɓa tsakanin masu ba da labari, waɗansu sun kai shi har 380.

6. Bincike

Jaridun Ingila da fari sun ɗora laifi a kan baƙin da ke cikin ma'aikata, musamman Sinawa da Indiyawa, suka ce ba su jin umurni. Wannan zargi ya yi wa masu jirgin daɗi, amma bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, watau yadda aka yi jirgin ya iso gaɓar Ailan alhali shugabansa na zaton yana tsakiyar ruwa.

An yi zaman binciken mutuwar a Malahide. Masu taya alƙali shari'a suka ɗora babban laifi a kan masu jirgin, don sun bar shi ya tashi ba a daidaita kamfas ɗinsa yadda ya kamata ba, ba a kuma gwada ko yana amsa linzami ba. Suka ce kyaftin bai yi isasshen hattara ba bayan da ya ga kamfas na saɓani, amma suka yaba natsuwarsa da jaruntakarsa daga lokacin da aka hango tudu. Hukumar Ciniki ta Ingila ta aiko Kyaftin Walker ya yi nasa binciken, shi ma ya kama Noble da laifin rashin auna zurfin ruwa cikin hazo. Hukumar matuƙa ta Libaful kuwa ta duba cancantarsa, ta bar masa takardar shaidarsa ta tuƙi.

In an haɗa waɗannan hukunce-hukunce, sai a ga ba aibi guda ya kashe jirgin ba. Kamfas ya kai shi inda bai kamata ya je ba, rashin jefa dalma ya hana a farga, ƙaramin linzami da sababbin igiyoyi suka hana a kauce, sarƙoƙi suka kasa riƙewa. Ban da ƙarfin sarƙa, kowannensu abu ne da ɗan jinkiri a Libaful, ko ɗan ƙarin hattara a teku, zai iya tonawa. Sauri ya haifi nawa.

7. Abin da ya biyo baya

A cikin shekarar nan ta 1854 ƙungiyar masana kimiyya ta Biritaniya ta yi taronta a Libaful. William Scoresby, tsohon kyaftin na jiragen farautar manyan kifayen teku wanda ya koma malamin kimiyya da addini, ya tashi ya kawo misalin Tayleur. Ya ce maganaɗisun sabon jirgi ba tsayayye ba ne, dukan raƙuman ruwa yana sāke shi kamar yadda dukan guduma ya kafa shi, don haka gutattakin da aka kafa a tasha suna iya komawa su zama su ne masu ɓatarwa. Airy ya musa, aka daɗe ana gardama. A 1856 Scoresby, yana tsoho, ya shiga jirgin ƙarfe mai suna Royal Charter ya je Melbourne ya komo, yana auna kamfas a hanya.

Bayan taron aka kafa kwamitin kamfas na Libaful, wanda ya yi shekaru yana auna jiragen ƙarfe yana kai rahoto ga Hukumar Ciniki. Aka tabbatar sabon jirgi ya kan zubar da wani kashi na maganaɗisun maƙera cikin watanninsa na fari, aka kuma gane dabarar Airy tana aiki muddin ana sāke dubawa. A 1862 Hukumar Jiragen Yaƙi ta buga littafin jagora kan karkatar kamfas, aikin Archibald Smith da Frederick Evans. A 1876 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya fitar da sabon kamfas mai sauƙin gyara, ya bazu cikin jiragen fatauci.

Kamfanin White Star na farko ya karye a 1867, Thomas Ismay ya sayi sunansa da tutarsa a 1868. Ƙarƙashin wannan suna ne jirgin Titanic ya nutse a tafiyarsa ta fari a 1912, shi ya sa waɗansu marubuta ke kwatanta jiragen biyu, ko da ya ke masu kamfanin ba ɗaya ba ne. Gawar Tayleur kuwa ta yi shekara 105 a ɓoye, sai a 1959 masu nutso na Ailan suka gano ta a zurfin wajen mita 17, da tangaram da duwatsun kabarin nan a warwatse kewaye da ita. Dokar Ailan ta kāre wurin, ba a nutso a can sai da izini. A 1999 aka kafa abin tunawa da mamatan a Portrane, gaɓar da ke fuskantar tsibirin.

Jiragen yanzu suna da na'urori masu nuna musu inda su ke ta hanyar tauraron ɗan Adam, amma har yanzu dokar teku ta duniya ta wajabta wa jiragen fatauci su riƙe kamfas mai maganaɗisu wanda aka daidaita, da takardar da ke nuna kuskuren da ya saura masa. Wanda ya duba irin wannan kamfas zai ga dunƙulen ƙarfe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da wata sandar ƙarfe a tsaye wadda a ke kira da sunan Flinders, da gutattakin maganaɗisu a ƙarƙashi. Aikinsu duka shi ne su hana ƙarfen jirgi ruɗar allurarsa, kamar yadda ya ruɗi ta Tayleur tsakanin Anglesey da Lambay.